Babi na Huɗu: Zaɓin Farko

A fom ɗin JAMB akwai gurbin da ake rubuta makarantar da yaro ya fi so da kwas ɗin da yake nema. Shi ne zaɓin farko. Cike shi ba ya cin minti biyu, amma shekara huɗu ko biyar ko shida na rayuwar yaro a kansa suke rataye, haɗe da dawar da ke rumbun ubansa da adashin uwarsa. A Zuru da Ribah da Mahuta da Dirin Daji, sau da yawa sai an cike gurbin nan an gama iyaye suke jin labari. Uba ya ba da kuɗin fom, ya sa albarka, ya wuce gona ko ofis. Yaro ya hau mashin ya nufi cibiyar rajista. A can, gaban kwamfuta, ga layi a bayansa ana ta cewa ya yi sauri, ake yanke shawarar da ya kamata gida ya fara taunawa tun yaron yana aji huɗu na sakandare.

Ba rashin kula ke kawo haka ba. Mutanen ƙasar Zuru ba baƙin boko ba ne. Tun ana tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin a yanki Kebbi a 1991, an san su a aji da bariki da asibiti. Hanyar da iyayen suka sani ce aka tashe ta. An kafa JAMB a 1978, kuma wanda ya zauna jarrabawarta a shekarun 1980 ko 1990 takarda da fensir ya sani, sannan a zauna jiran wasiƙa. A 2010 aka haɗe jarrabawar jami'a da ta kwalejojin fasaha da na ilimi ta zama guda, ita ce UTME. A 2015 aka koma kwamfuta gaba ɗaya. A 2017 aka kawo CAPS, shafin da duk wani gurbin karatu na halal sai ya bi ta cikinsa. Daga 2021 kuma babu rajista sai da lambar NIN. To, ko tsohon hedimasta ne, in rabonsa da harkar ya kai shekara goma ɗan koyo ne a yau, balle manomin Bena ko Wasagu da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba.

Duk wanda ya leƙa cibiyar rajista a watan Fabrairu ya ga yadda ake yi. Tun da sassafe, cikin sauran hazon hunturu, yara sun yi cincirindo a bakin ƙofa, kowa da 'yar ledar takardunsa. Janareta na ta ruri. In layi ya zo kan yarinya, ma'aikaci ya ɗauki hotonta da zanen yatsunta, sai ya tambaya, idonsa na kan allo:

"Wace makaranta?"

"Ɗanfodiyo."

"Kwas?"

"Likita."

"Ta biyu fa?"

Ta yi shiru, ta waiwaya tana neman ƙawarta da ido. Na baya suka fara tsaki.

"Yaya, sa mini duk wadda ka ga ta dace."

Ya sa, ya buga takarda ya miƙa mata, ya kira na gaba. Ba mugunta ya yi ba. Mutum ɗari ke jiransa, kuma ba aikinsa ba ne ya san cewa Fiziks ya sha kayar da yarinyar nan tun aji huɗu.

Kafin ma a iso wurin nan akan yi wani kuskure wanda illarsa ba ta fitowa sai tafiya ta yi nisa. Matakin farko na rajista shi ne a aika lambar NIN ta saƙon tes zuwa 55019 ko 66019, a samu lambar da za a sayi fom da ita. Layin da aka aika saƙon da shi, shi JAMB ta sani a matsayin na yaron. Ta nan ake duba sakamako, ta nan saƙonni ke zuwa. Yara da dama ba su da waya, sai a ari layin maƙwabci ko na mai shagon intanet, a buɗe imel a shagon, mai shago kaɗai ya san lambar sirri. Bayan wata shida layin ya ɓace, ko mai shagon ya tattara ya bar gari. Ga aikin da uban da bai yi boko ba zai iya yi sarai: ya tanadi layi guda don wannan harka, ya adana shi inda yake adana takardar gona, ya sa a rubuta imel da lambar sirri a littafi. Ya kuma sa a jera takardar NIN da ta rajistar WAEC ko NECO a duba suna da ranar haihuwa. Sunayenmu na Dakarkari da Fakkawa da Dukkawa sukan sha bambam a hannun magatakardan da bai saba da su ba, kuma harafi ɗaya ya isa ya riƙe yaro a ranar tantancewa.

Abin da ya ba zaɓin farko nauyi shi ne jami'o'in da ake rububinsu galibi waɗanda suka sa su a farko kawai suke kira jarrabawar tantancewa ta bayan JAMB. Wanda ya sa Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero a zaɓi na biyu, sunanta kawai ya rubuta. Ita jarrabawar JAMB kuwa darussa huɗu ce, Turanci dole da wasu uku, tambaya 180 cikin awa biyu, maki 400. A 2025 kusan mutum miliyan biyu suka zauna, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba. A shekarar aka tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 140 ga kwalejojin jinya, 100 ga kwalejojin fasaha da na ilimi. A nan iyaye da yawa ke ruɗuwa. Uba ya ji 150 a rediyo, ɗansa ya ci 178, sai ya ɗauka magana ta ƙare. Alhali 150 ɗin ƙasa ce wadda ba a yarda wata jami'a ta sauka ta wuce ta ba. Kowace jami'a tana ɗora nata makin a kai, kowane sashe ma yana da nasa, kuma tsakanin makin likitanci da na wasu kwasa-kwasan a makaranta ɗaya akwai tazara mai yawa.

A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki ko daga ina suke, 35 ga 'yan jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 ga jihohin da aka lissafa cikin masu ƙarancin ilimin boko, kuma Kebbi tana cikinsu. Saboda haka ɗan Zuru da ya nemi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ƙofa uku yake bugawa, wanda ya nemi wata jami'a can kudu kuwa ya rasa ta tsakiyar. Ana tabbatar da jihar yaro da takardar shaidar ƙaramar hukuma, wadda gara a karɓe ta tun ba a matsu ba. Ni ban ga abin jin kunya a cin moriyar kason masu ƙarancin ilimin boko ba. An yi shi ne don tazarar da tarihi ya bari. Sai dai kason ba ya ƙirƙiro kujera. Majalisar likitoci ta ƙasa ce ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makarantar likitanci za ta ɗauka, kuma 'yan Argungu da Yauri da Gwandu da Gusau duk a kan 'yan kujerun nan suke kokawa. Kuma kaso iyakarsa bakin ƙofa. Ba ya bin yaro ɗakin jarrabawar shekarar farko, inda ake sallamar waɗanda suka gaza daga sashen.

Riguna biyu ne suka fi cika idon iyaye a ƙasar nan: kaki da farar rigar asibiti. Ta kakin ba ta buƙatar dogon bayani. Da wuya ka shiga unguwa a Zuru ba ka tarar da gidan tsohon soja ba. Garin ya fitar da Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, kuma marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami Gomo II shi kansa Manjo Janar ne mai ritaya, ya taɓa mulkin Jihar Bauchi a zamanin soja. Tsohon sajan da ya ƙare aiki yana sara wa yara sa'annin ƙannensa, ba abin mamaki ba ne ya so ɗansa ya shiga ta ƙofar hafsoshi, wato NDA ta Kaduna. Buri ne mai kyau, amma yana da farashin da ya kamata a sani. Mai neman NDA sai ya sa ta a zaɓin farko. Bayan JAMB akwai jarrabawarta ta kanta, da gwajin lafiya da na ƙarfi, da zama gaban kwamitin zaɓe, kuma guraben rabawa ake yi tsakanin jihohi, kowace ta samu 'yan kaɗan. Wanda bai dace ba sai ya koma ya sauya makaranta a JAMB, wani lokaci kuwa kafin nan jami'ar da yake so ta rufe rajistar tantancewarta. Gidan da ya zaɓi wannan hanya ya kamata ya riga ya san inda za a juya tun kafin a juyo.

Na taɓa zama a zauren wani dattijo, tsohon soja, ana irin wannan magana. Ɗansa na durƙushe daga gefe, kansa a ƙasa.

"Baba, ni fa lissafi nake so. Malaminmu ya ce in na dage zan iya injiniya."

"Injiniyoyi nawa ke yawo da takarda a garin nan? Soja ko ba komai ƙarshen wata zai ji ƙararrawa a wayarsa."

"Gaskiya ne, Baba."

Daga nan yaron bai ƙara cewa uffan ba, uban kuma ya ɗauka an daidaita. Uwar ce daga baya, da dare, ta samu mijinta ta ce masa yaron nan tun yana ƙarami ba ya son ganin jini, kuma duk rediyon gidan shi ke kwance ta ya ɗaure. A gidajenmu, na Musulmi da na Kirista, yaro mai tarbiyya ba ya ja-in-ja da ubansa, saboda haka "gaskiya ne, Baba" ba amincewa ba ce kullum. Uban da ke son jin abin da ke ran ɗansa sai ya bi ta uwa, ko yaya, ko kawu, ko malamin aji. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma a kan kuɗi da halin mutane da wahalar duniya haka ne. Amma darasin da ke shiga kan yaro da wanda ke ba shi ciwon kai, shi ya fi kowa sani.

Ita wannan magana ma a aji huɗu ya kamata a yi ta, lokacin da ake raba yara ajin kimiyya da na adabi da na kasuwanci. Mai neman likitanci a JAMB zai rubuta Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Injiniya, Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Lauya ba ya tsallake Adabin Turanci. Sannan ana son kiredit biyar a WAEC ko NECO a darussan da suka dace, a zama ɗaya ko biyu, wasu manyan kwasa-kwasai ma zama ɗaya suke karɓa. Yaron da aka tura ajin kimiyya don a ce ɗan wane ɗan kimiyya ne, a makarantar da malamin Kemistiri ɗaya ke zagaya aji shida, ba kayan gwaji, an ɗaura masa kayan da zai sauke a aji shida yana kuka. Katin sakamakon zango-zango da ake kawowa gida ana jefawa cikin akwati, shi ne shaidar da ta fi kowace faɗin gaskiya a kan abin da ya kamata a rubuta a fom. Shekaru ma a lura da su: an yi ta ja a 2024 kan a mai da su 18, daga baya aka tsaya a 16, kuma galibi wanda bai kai ba sai ya jira.

A ɓangaren yaran kuma akwai nasu taurin kan, kuma babu inda yake fitowa fili kamar a kan jami'ar da ke cikin garin. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru, a gurbin tsohuwar Kwalejin Aikin Gona. Garin da 'ya'yansa suka saba ɗaukar akwati zuwa Sakkwato da Zariya da Minna, yau ga jami'ar tarayya a inda ɗan acaba zai kai ka. Amma ka ce wa yaro ɗan shekara 17 ya sa ta a zaɓin farko ka ga yadda fuskarsa za ta sauya. "Noma kuma? Wanda muka taso a ciki?" Na fahimce shi. Yaron da ya yi ta sunkuyo a kunyar dawa tun yana firamare, boko a wurinsa hanyar barin fartanya ce. Ƙari a kan haka yana son ya ga duniya, ya kwana inda gwaggo ba za ta kai rahotonsa gida ba, kuma wannan ma ba laifi ba ne; zama da baƙi ilimi ne da ba a samu a gida.

Duk da haka ina ganin raina wannan jami'a asara ce. Abin da ake koyarwa a cikinta kimiyyar ƙasa ce da iri da taki da cututtukan shuka da lafiyar dabbobi da tattalin arzikin noma, a jihar da shinkafa ta ɗaga sunanta. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a 2015, akwai manyan injinan casa a Argungu da Birnin Kebbi, kuma kowace kasuwar dabbobi a yankin nan tana buƙatar likitan dabbobi. Ba na cewa digirin noma na ba da aiki kai tsaye. Babu digirin da ke yin haka a Nijeriya ta yau. Abin da nake cewa shi ne yaron da ke da maki 190 da kiredit a Kemistiri da Bayoloji, in ya sa likitanci a Sakkwato mai yiwuwa ya rasa duka, in ya sa jami'ar garinsu yana da kyakkyawar dama, ga abincin gida, babu kuɗin mota, babu haya. Sabuwar jami'a ce, da sauran gini a gabanta, don haka uba ya taka da ƙafarsa ya je ya gani, ya tambayi ɗaliban da ke ciki, maimakon ya dogara da yabo ko kushen majalisa. Wanda noman bai kwanta masa ba kuma yana da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero.

Akwai lissafin da iyayen Legas ba sa yi, amma a nan shi ke hana barci: hanya. Mai zuwa Birnin Kebbi ko Aliero zai bi ta Dabai da Mahuta ya fita Koko. Mai zuwa Minna ko Kaduna zai bi ta Rijau da Kontagora. Ɗalibi zai bi hanyar nan sau da yawa a shekara, har shekara huɗu ko biyar. Ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka kwashi ɗalibai da malamai a Kwalejin Tarayya ta Birnin Yauri, wasu 'yan matan sai da suka kusan shekara biyu a daji. A Nuwamba 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga, a nan cikin masarautar Zuru, aka ɗauki 25, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Uwar da ta ce 'yarta ba za ta yi nisa ba, ba jahilci ke damunta ba. Abin da nake tsoro shi ne tsoron ya zama hujjar ajiye yarinya a gida ɗungurungum, a ce ta jira miji, alhali ɗan'uwanta an san yadda aka yi aka tura shi. In nisa ne matsala, ga makaranta a kusa. In kwas ɗin da take so sai a nesa, sai a duba ko jami'ar na da ɗakin kwanan mata a cikin harabarta, wane ɗan'uwa ke garin, da wace mota za ta riƙa tafiya kuma da wane lokaci. Waɗannan tambayoyi ne masu amsa, kuma gara a amsa su a watan Janairu da a ga gurbi ya fito a Oktoba sannan a ce ba za ta je ba.

Sai kuɗi, wanda iyaye suka fi jin nauyin faɗa wa 'ya'yansu gaskiyarsa. Kuɗin fom shi ne mafi sauƙi. A 2025 bai kai naira dubu goma ba. Na gaba ne masu nauyi: kuɗin tantancewa da motar zuwa, kuɗin karɓar gurbi, rajista, ɗaki, katifa, abinci, littattafai. Mutanen da suka gaji golmo, inda saurayi ke shafe shekaru yana noma gonar surukai kafin a ba shi mata, ba sai an koya musu haƙurin dogon aiki ba; amma mai golmo ya san abin da ya ɗauka tun ranar da ya fara, haka ya kamata mai tura yaro jami'a ya ƙirga. Digirin noma da injiniya da lauya shekara biyar ne, likitanci shida ban da shekarar horo a asibiti. Wannan in ba a yi yajin aiki ba ke nan, domin na malaman jami'a a 2020 ya ci wata tara, na 2022 wata takwas. A zauna da yaro a buɗe masa: ga abin da gona ke kawowa, ga fansho, ga ƙannenka huɗu a bayanka. Yaron da aka gaya wa gaskiya yakan zaɓi abin da gida zai iya ɗauka, ba ya zuwa aji biyu ya dawo da akwati.

Tun watan Mayu 2024 akwai asusun bashin karatu na tarayya, NELFUND, ga ɗaliban makarantun gwamnati. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, yana kuma ba ɗalibin da ya nema naira 20,000 a wata. Babu kuɗin ruwa a kai, abin da ya kwantar da hankalin iyaye da yawa, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Amma bashi ne, sunan yaro ke kai. Kuma ba a nemansa sai an samu gurbi makaranta ta shigar da sunan ɗalibi, don haka kuɗin farkon shiga daga gida zai fito.

Bayan sakamako ya fito ne aikin iyaye ke ƙaruwa, a daidai lokacin da mafi yawa ke sakin jiki. Yaron da ya yi rajista yana jiran sakamakon WAEC ko NECO, dole in ya fito ya koma cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora shi a shafinsa. In bai yi ba, ko maki 300 ya ci makaranta ba za ta iya ba shi gurbi ba. Yara nawa ne suka zauna gida shekara guda a kan wannan kaɗai, iyayensu na zargin an sayar da gurbinsu! In gurbi ya fito a CAPS kuma sai yaro ya shiga da kansa ya karɓa ko ya ƙi, cikin mako huɗu. Wani lokaci jami'a takan miƙo wani kwas daban da wanda aka nema, mai neman likitanci a ba shi Bayoloji ko Kemistiri. Wannan ma shawara ce ta gida, ba ta shagon intanet ba. Tambayar sau ɗaya a mako, "Ka duba shafinka?", ta fi duk wata addu'ar neman alfarma wurin manya amfani.

Masu cin kasuwar damuwar iyaye kuwa a wannan lokaci suke fitowa. Wani zai ce yana da mutum a Abuja mai ƙara maki. Wani zai kawo takardar shaidar gurbi mai tambari da sa hannu. Makin JAMB ba ya ƙaruwa a hannun kowa, kuma duk gurbin da bai bi ta CAPS ba, yaro zai iya gama shekara huɗu ya tarar babu sunansa a kundin JAMB, ba za a tura shi bautar ƙasa ba. Kawun da ke koyarwa a jami'a yana da amfani ƙwarai, amma amfaninsa na halal shi ne labari: a ina makin sashen kaza ya tsaya bara, wane sashe ne ba ya cika, yaushe za a rufe rajista. A neme shi kafin a cike fom, lokacin da maganarsa za ta yi aiki.

Wanda makinsa bai kai ba yana iya sauya kwas ko makaranta a JAMB da ɗan kuɗi kaɗan, muddin darussan da ya rubuta sun dace da sabon kwas ɗin. Sakamakon shekara ɗaya yake aiki. In ta wuce sai sabon fom. Na ga gidajen da yaro ya yi ta maimaita jarrabawar yana bin likitanci, sa'anninsa suna gama difloma. Zaman nan yana cin yaro. Namiji ya fara bin majalisar da ba ta dace ba ko ya tafi ci-rani, mace a fara yi mata zancen aure ko ba ta shirya ba. In za a sake gwadawa, a sake yana cikin wani karatun. Akwai IJMB, shirin share fage da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, wanda mai sakamako mai kyau ke shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Akwai NCE a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, da difloma a Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, su ma suna kai mutum jami'a ta fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB. Ga kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega da ta jinya a Birnin Kebbi ga mai son aikin asibiti, kuma a ƙauyukan Sakaba da Danko-Wasagu ma'aikaciyar jinya ko ungozoma guda ɗaya tana ceton rayukan da likitan birni ba zai taɓa gani ba.

Sai dai a nan ma a buɗe ido. Ƙananan makarantun lafiya da cibiyoyin share fage masu zaman kansu sun yawaita a garuruwan arewa, wasu na ƙwarai, wasu allo ne kawai da fenti. Jami'a sai da amincewar NUC, kwalejin fasaha NBTE, kwalejin ilimi NCCE, makarantar jinya kuma sai majalisar jinya da ungozoma ta ƙasa ta san da ita, in ba haka ba yarinya za ta gama ta rasa lasisin aiki. Uba ya je da kansa, ko ya tafi da wanda ya iya karatu, ya nemi a nuna masa takardar amincewar da sunan kwas ɗin a jiki. In mai makaranta ya fara kame-kame, a bar kuɗin a aljihu a dawo gida.